Birkin Tirela na Lantarki a Motar A-kori-kura: Tambayoyi da Amsoshi Kan Gano Matsalar Na'urar Sarrafa Shi

Duk wanda ya taɓa saukowa gangare da a-kori-kura, tirela mai nauyi tana tunkuɗo shi ta baya, ya taka birki ya ji motar ce kaɗai ke kamawa, ya san darajar 'yar na'urar nan da ke maƙale a ƙarƙashin dashbod. Ita ce ke aika wa birkin tirela wuta daidai da yadda direba ke taka nasa. Idan abu ya lalace kuwa, ita ake fara zargi, a cire ta a sayo sabuwa, matsalar kuma tana nan daram. Sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki. Tsatsa a bakin soket, wayar at (wadda wuta ke komawa batir ta cikinta) da ta saki, ko waya da ta goge a cikin aksil, su ne suka fi kawo cikas. Amsoshin da ke ƙasa duk sun ginu a kan haka.

Yaya birkin tirela na lantarki yake aiki?

A cikin gangar birkin kowace taya akwai maganaɗisun lantarki, ɗaure a ƙarshen wani hannu na ƙarfe. Da wuta ta shige shi sai ya manne da fuskar gangar da ke juyawa. Juyawar ta ja shi, shi kuma ya ja hannun ƙarfen, hannun ya buɗe lainin ya matse su a jikin ganga. Yawan wutar da aka aika shi ne ƙarfin mannewar, ƙarfin mannewar kuma shi ne ƙarfin birki.

Abu biyu ke fitowa daga wannan. Na farko, birkin ba ya kamawa sai taya tana juyawa, don haka idan ka ɗaga taya da jak ka ba ta wuta, dole ka juya ta da hannu kafin ka ji ta cije. Na biyu, kowane maganaɗisu na birki mai faɗin inci 10 ko 12 yana jan kimanin amfiya 3 zuwa 4. Tirela mai aksil biyu, wato birki huɗu, tana buƙatar amfiya 12 ko fiye. Wannan wuta ce mai yawa ga tsarin da ke aiki da bolt 12 kacal, shi ya sa 'yar tsatsa kaɗan a mahaɗar waya take cinye rabin ƙarfin birki.

Irin wannan birki ya fi yawa a Amurka da Kanada da Ostareliya. A Turai ƙananan tireloli sun fi amfani da birkin da tunkuɗar tirelar kanta ke kama shi, wanda ba ya buƙatar wannan na'ura.

Na'urorin iri ɗaya ne, ko akwai bambanci wajen gwaji?

Akwai bambanci, kuma rashin saninsa na sa mutum ya yanke wa lafiyayyar na'ura hukunci. Iri na farko mai ƙidayar lokaci ne: da ka taka feda sai ya fara aika wuta, yana ƙara ta a hankali har ta kai matakin da ka saita, ko kana gudu ko kana tsaye. Iri na biyu yana auna yadda motar ke rage gudu, ya aika wuta daidai gwargwado. Tsofaffin irinsa suna da wani abu mai lilo a ciki da sai an daidaita shi, sababbin kuma suna da ma'aunin lantarki.

To, idan taka na'urar mai auna raguwar gudu ce, kuma mota na tsaye a gareji, ka taka feda ka auna wuta a soket, kaɗan za ka gani. Ba lalacewa ta yi ba. Motar ba ta rage wani gudu ba, don haka babu dalilin aika wuta mai yawa. Gwaji a tsaye da libar hannu ake yinsa, wato madannin da ake turawa ko matsawa don kama birkin tirela shi kaɗai.

Akwai kuma na'urar da kamfani ke haɗo ta da motar tun daga masana'anta. Ford ya fara sa ta a manyan motocinsa na Super Duty a 2005, yanzu kuma su Chevrolet da GMC da Ram da Toyota duk suna da tasu. Wannan tana magana da kwamfutar motar, kuma yawancinsu ba sa sakin wuta sai sun ji nauyin maganaɗisu a layin.

Wayoyi huɗun da ke bayan na'urar, mene ne aikin kowacce?

A na'urorin da ake saya a ɗaura daga baya, al'adar launi ita ce: baƙa tana kawo wuta daga batir, fara ita ce at, wato hanyar komawar wuta zuwa nagetif ɗin batir, ja tana karɓar sigina daga makunnin fitilar birki, shuɗiya kuma ita ke tafiya soket ɗin baya ta kai wa birkin tirela wuta.

Baƙar wayar ana bi da ita ta makashin wuta mai dawo da kansa, na amfiya 20 ga birki biyu zuwa huɗu, na 30 idan birkin ya kai shida. Ba a sa fis na gama-gari a nan, domin fis idan ya ƙone ya ƙone ke nan, ka rasa birki gaba ɗaya a tsakiyar hanya. Jar wayar kuma dole a haɗa ta da ɓangaren makunnin da ba ya samun wuta sai an taka feda.

Ka kiyaye abu biyu. Musanya baƙa da fara yana ƙona na'urar nan take. Sannan launin wayoyin da kamfanin mota ya tanada a ƙarƙashin dashbod ba lallai ya dace da na na'urar ba. Ana haɗawa ne bisa aikin waya, bayan an gwada ta, ba don launinsu ya zo ɗaya ba.

Daga ina zan fara bincike idan birkin tirela ba ya kamawa sam?

Daga soket. Nan ne tsakiyar tsarin, kuma nan ne za ka raba matsalar gida biyu: ko ta mota ce, ko ta tirela. Wanda ya tsallake wannan mataki zai iya wuni yana kwance dashbod alhali laifin yana ƙarƙashin tirela.

Cire fulogin tirela. A soket mai baki bakwai akwai at, fitilun dare, sigina ta hagu, sigina ta dama, wutar cajin batir, fitilar ribas, da layin birki. Nemo bakin birki, galibi hoton yana jikin murfin soket ɗin. Ka ɗaga ƙarfin na'urar zuwa ƙarshe, wani ya tura libar hannu, kai kuma ka sa fitilar gwaji tsakanin bakin birki da bakin at na soket ɗin kansa. Na ce bakin at na soket, ba ƙarfen mota ba, domin kana son gwada hanyar da wutar tirela ke bi da gaske. Fitila ta yi haske sosai, kuma haskenta na ƙaruwa yayin da ake tura liba? Ɓangaren mota lafiya lau. Ba ta kama ba? Sai ka koma bayan na'urar ka gwada shuɗiyar waya inci kaɗan daga jikinta. Idan akwai wuta a can babu a soket, wayar ta yanke a hanya. Idan can ma babu, sai ka duba baƙa da fara kafin ka zargi na'urar.

Ɓangaren tirela kuwa gwajinsa ba ya buƙatar mota. Ka tokare tayoyi, ka ɗaga guda da jak, ka ɗauki batir mai caji, ka haɗa nagetif da bakin at na fulogin tirela, fositif kuma ta cikin fis zuwa bakin birki. Juya tayar. Ya kamata ta cije ƙam. Daƙiƙu kaɗan sun isa, kada ka bar wutar ta daɗe. Idan ta cije, tirela ta fita daga zargi. Idan ba ta cije ba, sabuwar na'ura ba za ta amfane ka da komai ba.

Idan kuma duka ɓangarorin biyu sun ci gwaji amma suna haɗuwa abin ya ƙi, to bakunan fulogi ne ba sa taɓa na soket yadda ya kamata.

Mita ta nuna min bolt 12 a bakin birki, amma birki ba ya kamawa. Ta yaya?

Mita ba ta jan wuta sai 'yar mitsitsiya. Waya mai sili ashirin, wadda goma sha tara daga ciki suka tsinke, sili ɗaya ya rage, za ta nuna maka bolt 12 cif a mita, amma ba za ta iya ɗaukar amfiya 12 ba. Haka ma mahaɗar da tsatsa ta cinye. Shi ya sa na fi amincewa da fitilar gwaji mai tsohon kwan fitila irin mai zafi, ko kwan fitilar mota da aka yi wa wayoyi biyu, domin yana jan wuta kamar yadda maganaɗisu zai ja.

Fitilar gwaji ta LED ma tana ruɗarwa. Na'urori da yawa suna aika 'yar wuta lokaci-lokaci ta shuɗiyar waya don su ji ko akwai tirela, sai ka ga fitilar tana ƙiftawa ba tare da an taɓa komai ba, ka zaci wuta ce ke zuba. Kuma wutar da na'urorin zamani ke fitarwa ba miƙaƙƙiya ba ce, kunnawa da kashewa ce cikin sauri sosai, abin da ke sa wasu mitoci su nuna lamba mai rawa. Ga motocin da na'urarsu ta zo daga masana'anta, akwai wani kayan gwaji da ake cusawa a soket yana kwaikwayon tirela. In babu shi, tirelar da ka san lafiyarta ƙalau ta wadatar.

Allon na'urar yana cewa babu tirela alhali tana haɗe. Me ke faruwa?

Na'urar tana gane tirela ne idan wutar da ta aika ta bi ta maganaɗisu ta dawo. Idan ta ce babu tirela, zagayen ya yanke a wani wuri. A na'urorin Tekonsha irin su Prodigy P2 harafin c na nufin an haɗu, n.c. kuma na nufin ba a haɗu ba. Motocin da ke da na'urar masana'anta suna rubuta saƙo a allon gaban direba.

Ka fara da fulogi da soket. Koren ƙura ko farar hoda a bakunan alama ce ta tsatsa, a goge da ƙaramin burushin waya ko samfefa, a fesa maganin wanke mahaɗar lantarki, a shafa giris ɗin da aka yi don mahaɗar wuta. Bakunan da suka buɗe saboda yawan cirewa da sawa a matse su a hankali, amma sai an cire wutar batir daga layin caji tukuna. Ka kwance fulogin ka duba sukurorin da ke riƙe wayoyi a ciki, domin mutane na yawan fizgo fulogi ta waya, sai su saki. Daga nan ka bi farar waya zuwa inda aka ɗaure ta a firam ɗin tirela.

Me ya sa ake yawan ambaton wayar at?

Domin ita ce ke ɗauke da wutar komai a hanyar dawowa: fitilu, sigina, caji da birki, duk ta waya ɗaya. Kuma ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ana ɗaure ta da sukuru ɗaya a kan fenti, ruwa da laka su yi ta dukanta, shekara biyu ta yi tsatsa.

Idan ta yi rauni, wuta ba ta haƙura, sai ta nemi wata hanya. Wani lokaci ta bi ta ƙwallon ƙugiyar da ke haɗa mota da tirela. Wannan hanya tana aiki a tsaye, amma da an fara tafiya, ƙarfe yana taɓawa yana saki, ga giris a tsakani, sai birki ya riƙa zuwa yana ɗaukewa, allo yana cewa an haɗu, an rabu, an haɗu. Wani lokaci kuma wutar ta koma ta cikin fitilu, shi ya sa za ka ga abubuwan mamaki: ka taka birki fitilun dare su dushe, ka kunna sigina ɗaya ɗayar ma ta ƙifta.

Gwajinta mai sauƙi ne. Ka ɗauki wayar da ake tayar da mota da ita, ka maƙala baki ɗaya a tsabtataccen ƙarfen firam ɗin tirela, ɗayan a firam ɗin mota. Idan matsalar ta ɓace, at ce. Mai mita kuma ya sa ta tsakanin firam ɗin tirela da nagetif ɗin batirin mota yayin da ake tura liba. Abin da ya wuce rabin bolt yana nuna hanyar ta toshe. Gyaran shi ne a kankare fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli, a sa sabon kan waya, a ɗaure tam, a rufe da giris ko fenti. A ganina gara kowane maganaɗisu ya samu farar waya tasa da ta tafi har fulogi, a daina dogara da firam, musamman a tirelar da ke naɗewa ko mai juye kaya.

Ita ma na'urar a cikin mota, fararta ta tafi nagetif ɗin batir kai tsaye. Ƙarfen ƙarƙashin dashbod ba abin dogaro ba ne.

Alamar S.H. ko O.L. ta fito. Na'urar ce ta ƙone?

Da wuya. A na'urorin Tekonsha, S.H. na nufin na'urar ta ga layin birki ya haɗe da ƙarfe, O.L. kuma na nufin an ja wutar da ta fi ƙarfinta lokacin kama birki. Tana kare kanta ne, tana kuma gaya maka. Cire fulogin tirela. Alamar ta tafi? Matsalar tana tirela. Tana nan? Shuɗiyar waya ta goge a jikin firam ɗin mota, ko ruwa ya shiga soket.

A tirela, wurin da ya fi ɓoye wannan ciwo shi ne cikin bututun aksil. Masana'antu da yawa suna zura wayar birki ta ciki daga taya zuwa taya. Tana kwance sako-sako, tana gogar ƙarfe duk lokacin da aka shiga rami, har robarta ta huje. A tsaye ba ta taɓawa, a kan hanya mai gargada take taɓawa, shi ya sa alamar ke zuwa tana tafiya. Ba a gyara ta. Ana yanke ta a bar ta a ciki, a ja sabuwa ta waje a bayan aksil, a ɗaɗɗaure ta. Sai kuma cikin ganga, inda wayar maganaɗisu kan kuɓuce daga maƙalinta ganga ta riƙa cinta.

Hanyar ganowa ita ce cire birki ɗaya-ɗaya daga layin har alamar ta ɓace. Sauran alamomin wannan kamfani sun haɗa da P.L., wato wuta ta ɗauke wa na'urar, da o.g., wato at ɗinta ta yanke. Kowane kamfani da nasa haruffan, littafin na'urarka ne zai fassara maka.

Ta yaya zan gane maganaɗisu ya mutu?

Ba sai ka kwance ba da farko. Wani ya tura liba, kai ka kasa kunne kusa da kowace taya, za ka ji 'yar ƙara kamar ta ƙudan zuma. Ko ka riƙe kamfas kusa da gangar, allurarsa za ta karkata idan maganaɗisun na samun wuta.

Don tabbatarwa, raba wayoyinsa biyu daga layin ka auna da mita. Na birki mai inci 10 ko 12 yana nuna tsakanin om 3 da 4 (om shi ne ma'aunin yadda abu ke turje wa wuta). Idan mita ta nuna babu hanya, zaren cikin ya tsinke. Idan lambar ta yi ƙasa sosai, ya haɗe a ciki. Sannan ka sa baki ɗaya na mita a waya, ɗayan a jikin ƙarfen maganaɗisun, bai kamata a samu hanya ba. Idan kana aunawa daga fulogi ne, ka tuna a jere suke kan layi ɗaya kowanne da reshensa, don haka biyu za su ba ka kimanin om 1.6, huɗu kuma kimanin 0.8. Tirela mai birki huɗu da ta nuna fiye da om 1 tana gaya maka wani ya fita daga aiki ko wata mahaɗa ta yi tsatsa. Mita mai baki kamar ƙaguwa, wadda ake maƙalawa a waya ta auna amfiya, ta fi kowa saurin faɗin gaskiya a nan.

Idan ka buɗe ganga, duba fuskarsa. Ta ci gefe ɗaya, ko jan ƙarfen zaren ya fara bayyana, ya gama aiki. Ana sauya na hagu da na dama na aksil ɗaya tare, a kuma duba fuskar gangar da yake mannewa. Wayoyinsa biyu ba su da fositif da nagetif, kowacce na iya zama at.

Wuta tana isa, maganaɗisu lafiya, amma birkin ba shi da ƙarfi ko a matakin ƙarshe. Saura me?

Saura ƙarfe. Mafi yawan birkin tirela da hannu ake daidaita shi, kuma lainin na cinyewa yana nisantar ganga. Kamfanin Dexter, mai ƙera aksil, yana ba da shawarar a daidaita bayan mil 200 na farko, kimanin kilomita 320, sannan duk mil 3,000, kimanin kilomita 4,800. Ana ɗaga taya, a cire 'yar robar da ke bayan farantin birki, a juya ƙaramin ƙarfe mai haƙora da ke ciki har taya ta yi wuyar juyawa, sannan a sassauta har ta juya da ɗan gogawa kaɗan. Duk tayoyin a yi musu daidai. Akwai birki mai daidaita kansa, shi ma a riƙa duba shi.

Sabon lainin ba ya kamawa sosai sai ya zauna a jikin ganga. Ana zaunar da shi da kama birkin tirela sau 20 zuwa 30, daga gudun kilomita 65 zuwa kimanin 30, ana barin sa ya huce a tsakani. Mutane da yawa suna sa sabon birki, su ji shi sanyi-sanyi, su koma suna zargin na'ura.

Giris ma babban maƙiyi ne. Idan aka cika shi a boris har ya fasa sil, sai ya malala kan lainin da maganaɗisu. Lainin da ya sha giris ba ya wankuwa, sauyawa ake yi. Haka wanda kaurinsa ya sauka zuwa kimanin milimita 1.5. Ka kuma tabbata ba a musanya farantin hagu da na dama ba, guntun lainin ne ke fuskantar gaba. Siririyar waya a doguwar tirela ita ma tana cin bolt a hanya. Lamba 12 ko 10 a ma'aunin waya na Amurka ake so, kuma a wannan ma'auni ƙaramar lamba ce mai kauri.

Tayoyin tirela suna kullewa da na ɗan taɓa feda. Me zan rage?

Fara da ƙarfin kamu. Saitin da ya dace da tirela cike da kaya ya yi wa wofi yawa. Idan na'urar tana da matakin ƙarin kamu na farko, wanda wasu ke nunawa da b1, b2, b3, ka sauke shi. Na'ura mai auna raguwar gudu kuma dole ta zauna daram, a miƙe da hanyar da mota ke fuskanta, cikin kusurwar da littafinta ya yarda. Wadda ke lilo a kan sukuru ɗaya tana jin kowane rami kamar birki. Idan taya ɗaya ce kawai ke kullewa, ba na'urar ba ce, ko lainin ya sha giris, ko sifirin ya karye, ko sauran tayoyin ne ba sa aiki. Tirelar da ta kwana cikin raɓa takan cije da safe saboda 'yar tsatsa, wannan yana wucewa bayan kamu kaɗan.

Yaya ake saita ƙarfin kamu daidai?

A fili mai kwalta, busasshe, marar cunkoso, da irin kayan da za ka ɗauka. Ka ɗan ɗumama birkin da 'yan kamu. Fara daga tsakiya, a na'urori da yawa wajen 6. Ka kai gudun kilomita 40, ka tura libar hannu gaba ɗaya ba tare da taka feda ba. Tayoyi sun kulle, ka rage. Ba ka ji kamu sosai ba, ka ƙara. Abin da ake nema shi ne matakin da ke ƙasa kaɗan da kullewa. Tirela mai nauyi sosai wataƙila ba za ta kulle ba ko a ƙarshe, wannan ba laifi ba ne muddin kana jin tana riƙe motar. Nauyi ya sauya, ko ruwan sama ya sauka, a sake saiti.

Birkin tirela yana kamawa da kansa, ko yana bugawa idan na kunna fitilun gaggawa.

Bugawa tare da fitilun gaggawa na nufin an haɗa jar waya da layin da fitilar birki da ta gaggawa ke tarayya a kansa. A mayar da ita wurin da ya dace, ko a sa 'yar na'urar da ke tare wannan sigina. Idan kamun yana zuwa ne da kunna fitilun dare, ka nemi tsatsa ko silin waya da ya haɗa baki biyu a cikin fulogi. Bakin cajin batir idan ya taɓa na birki, birkin zai kama dindindin, ganga ta yi zafi har ta yi wari. Makunnin fitilar birki da ya maƙale shi ma yana yin haka, duba ko fitilun bayan motar suna kunne ba ka taka komai ba.

Kada ka manta da makunnin tsinkewa, shi ma yana iya kama birkin.

Mene ne makunnin tsinkewa, kuma zan iya gwada birki da shi?

Ƙaramin akwati ne a wuyan tirela, da 'yar tsinke a ciki, da igiyar ƙarfe da ake ɗaurewa a jikin mota. Idan tirela ta kuɓuce, igiyar ta zare tsinken, batirin da ke kan tirela ya ba birki wuta gaba ɗaya. Dokar manyan motocin kasuwanci a Amurka ta ce birkin ya riƙe aƙalla minti 15. A Ostareliya tirelar da ta wuce kilo 750 dole ta samu birki, wadda ta wuce kilo 2,000 kuma dole ta samu wannan tsari.

Za ka iya gwaji da shi, kuma ya kamata ka riƙa yi, domin batirinsa kan mutu shiru ba wanda ya sani. Amma ka cire fulogin tirela daga mota kafin ka zare tsinken, don kada wutar ta koma ta shuɗiyar waya ta lalata na'urar. Ka mayar da shi da wuri. Ba birkin ajiye tirela ba ne, barin sa a zare yana ƙona maganaɗisu ya kuma shanye batir. Igiyar kuma a ɗaure ta a jikin motar kanta, da ɗan sassauci don kwana, kada a rataye ta a sarƙar tsaro ko a ƙwallon ƙugiya.

Na ɗaura sabuwar na'ura a mahaɗar da kamfanin mota ya tanada, amma ba ta kunnu ba.

Duba akwatin fis na ƙarƙashin bonet. Wasu motocin suna fitowa da wayoyin a shimfiɗe amma babu fis ko rile ɗin da ke ba su wuta, sai an sa. A wasu a-kori-kura na Chevrolet da GMC na shekarun baya, wayar tana naɗe kusa da akwatin fis, sai an ɗaure ta a kan sandar wutarta. Littafin motar yana nuna wurin.

Motata tana da na'urar masana'anta, ta yi aiki da wata tirela ta ƙi da wata.

Shiga saitin tirela a allon motar. Akwai tirelolin da birkinsu na mai ne, famfon lantarki ke tura shi, kuma na'urar tana buƙatar a gaya mata irin birkin da take magana da shi. Wasu tsofaffin na'urori ba sa gane irin wannan famfo sai an ƙara wani ɗan akwati a tirela. Motocin da ke adana bayanan tireloli da yawa kuma suna riƙe ƙarfin kamu daban ga kowacce, ka tabbata ba a sifili yake ba. Na'urorin masana'anta sun fi saurin ƙorafi kan mahaɗa mai rauni, abin da tsohuwar na'ura za ta yi shiru a kansa su sai sun rubuta.

Yaushe zan yarda cewa na'urar ce da kanta?

Idan baƙar waya tana da cikakkiyar wuta ko da an ɗora mata nauyi, fara tana da kyakkyawar hanya zuwa batir, ja tana samun wuta lokacin taka feda kawai, ka kuma raba shuɗiya daga sauran layin ka sa mata kwan fitila, ka tura liba babu haske, to ta mutu. Haka idan tana fitar da wuta ba a taɓa komai ba, ko tana nuna alamar haɗewa alhali shuɗiyar ba ta haɗe da komai. Kafin ka sa sabuwa ka nemo abin da ya kashe tsohuwar, in ba haka ba ita ma zai kashe ta.

Birkin tirela ya ɗauke ina tsakiyar tafiya. Zan iya lallaɓawa?

Zuwa wuri mafi kusa da za ka tsaya lafiya, a hankali, da tazara mai yawa, kana amfani da ƙaramin giya. Fiye da haka ban ba ka shawara ba. Birkin a-kori-kura an yi shi ne don nauyin motar da kayan bayanta. Idan ka ɗora masa tirela mai tan biyu ko uku a dogon gangare, zai yi zafi ya daina kamawa, kuma ba ya sallama kafin ya tafi. Ka kuma rasa libar hannu, wadda ita ce maganin tirela idan ta fara wutsiya hagu da dama: ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari a miƙe, kama birkin tirela shi kaɗai har ta dawo layi.

Da ka tsaya, cire fulogi ka duba bakunan, ka mayar da shi har murfin soket ya kama shi. Taɓa makashin wutar da ke kusa da batir ka ji ko ya yi zafi. Leƙa ƙarƙashin tirela ko za ka ga waya tana reto kusa da aksil. Idan ka gyara, ka ja a hankali kamar tafiyar ƙafa, ka tura liba, ka ji tirelar ta riƙe ka kafin ka hau titi.